Ranar da Iya Kande Ta Yi Ihu

Duk wanda aka haifa a Zangon Agege a zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar goro zuwa Arewa, in ya ɗaga riga ya dubi cibiyarsa, aikin Iya Kande yake kallo. Masu cibiya kamar ƙwallon goruba kuwa su je su tambayi iyayensu, don ita ta ce ba hannunta ba ne.

Daga Zariya aka kawo ta, tana amarya, a taragon da aka loda wa albasa. Mijin ɗan goro ne, bai daɗe ba ya rasu, ya bar mata ɗaki ɗaya da tabarma. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta reza da baki, ta zama ungozomar unguwa. Ba a kiranta sai an sauka. Mace takan shige ɗaki ita kaɗai, ta durƙusa, ta cije, sai an ji kukan jariri a aika. Kande ta zo ta yanke cibi, ta wanke yaro, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta ɗora ruwan wankan jego. Ragowar aikin na baki ne. Wadda ta kuskura ta yi ƙara a kan gwiwa, kafin la'asar labarinta ya isa bakin rijiya.

"Wance?" in ji Kande. "Ai har masu gyaran layin dogo sai da suka ajiye diga suka yi mata addu'a."

Matan Zango sun fi tsoron wannan baki da naƙudar kanta. Asibiti ma bai tsira ba. Takan ce gida ne da ake kwantar da mace rigingine, a tsaya a kanta ana Turanci.

Akwai wata yarinya, Batulu, haifaffiyar Agege. Uwarta ta rasu tana ƙarama, rabin renonta a ɗakin Kande aka yi, duk wannan ba'a kuwa a kunnenta aka yi ta. Ta auri Uwaisu mahauci, ta sami ciki. Ba gidan iyayen da za ta tafi goyon ciki, sai ta zauna a ɗakinta, Kande na leƙowa.

Wata safiya Kande ta shigo da ƙullin yaji, ta tarar da ita tana sharar tsakar gida. Sharar ce dai ba ta gaba. Ta dafa bango, leɓenta na ƙasa ya tsage, duk sawun haƙori.

"'Yar nan, lafiya?"

"Lafiya lau, Iya."

"Lafiyar ce ta ci miki leɓe? Shige ciki."

Ta kwantar da ita, ta lalubi cikin. Kan yaro ba ya inda kai ke zama, yana can gefe, ƙarƙashin haƙarƙari. A gicciye yake. Kande ta taɓa ganin irin wannan, ta kuma san inda aka kai matan daga baya. Ta tambaye ta tun yaushe, Batulu ta juya fuska bango.

Aka kira Uwaisu daga mahauta, hannunsa duk kitse. Kande ta ce ya ruga ya tsayar da motar Idi mai kai goro Ikko.

"Asibiti, Iya? Ko a karɓo rubutu wurin malam tukuna?"

"Karɓo, ta sha a hanya. Kai da kake wuni kana feɗe shanu, yau kai ne mai tsoron wuƙa?"

Aka shimfiɗa mata tabarma tsakanin huhunan goro. Motar ta yi ta faɗawa ramuka, Uwaisu na salati, Batulu ko uhum.

A asibitin haihuwa na Ikko suka sami wata nas, Bayarabiya, doguwa, mai sanyin hannu. Ta taɓa cikin, ta kara wani ɗan ƙaho ta saurara, ta aika a kira likita. Sannan ta sunkuya ta tambayi Batulu da Yarabanci, yaushe faya ta fashe, ina ne ke ciwo, yaushe rabon da ta ji motsin yaron. Batulu ta fi nas ɗin ma iya Yarabancin kasuwa, amma ta cusa bakin zane a baki ta yi shiru.

"Mama," nas ta ce wa Kande, "in ba ta faɗa ba, likita zai yi aiki a makance. Ku kuka san ta."

"Faɗa mata mana, 'yar nan."

Batulu ta dubi Kande, ta dubi taga. Tagar a buɗe take, a bayanta kuwa baranda ce, Uwaisu da Idi na zaune a benci. Nan Kande ta gane. Yarinyar ta san in ta cire zanen nan daga baki, ba magana ce za ta fara fita ba. Ga miji a waje, ga direban da ba ya riƙe zance, ga kuma ita kanta Kande a tsaye a kanta. Batulu ta gwammace ta tafi lahira da mutuncinta.

Kande ta ɗan yi tsaye. Sai ta gyara ɗaurin zane, ta zauna daɓas a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannu a ka, ta ɓarke.

"Wayyo bayana! Wayyo ni Kande, ƙuguna zai rabu!"

Murya ce da ta saba kiran mutum daga wannan bakin layin dogo zuwa wancan. Nas ta ja da baya. Kande ta ƙyafta wa Batulu ido, ta ce ƙasa-ƙasa, "Shiga ƙarƙashin nawa, ba mai jin ki." Ta sake ɗaga murya.

Batulu ta saki zanen. Abin da ta danne ya fito, ya shige cikin ihun tsohuwa ya ɓace. Da ta sami numfashi ta gaya wa nas komai: faya tun shekaranjiya, motsi kuma ya yi rauni tun jiya. Nas ba ta ƙara tambaya ba. Aka tura gadon zuwa ɗakin aiki.

Kande ta fito baranda tana gyara kallabi.

"Iya, me ya same ki?" in ji Uwaisu.

"Warin maganinsu ne ya murɗa mini ciki. Matsa in zauna."

Bayan azahar aka ciro yarinya mace, ta sha wuya amma tana numfashi. Likita ya ce da an kai gobe, da ba wannan zancen ake ba. Batulu ta farfaɗo da ɗinki a mara, ta yi kwanakinta, ta koma gida da ƙafarta.

Idi kuwa kafin ya sauke goro ya sauke labari. Zango duka ta ji cewa Batulu ko tari ba ta yi ba, ungozoma ce ta cika asibiti da kururuwa. Uwaisu ya yi ta fahariya da matarsa a mahauta. Matan da Kande ta daɗe tana yi wa dariya suka samu abin da suke jira, in ta zo wucewa bakin rijiya sai wata ta dafe ƙugu ta ce, "Iya, ya bayan?"

"Da sauƙi," takan ce. "Ke dai in naki ya tashi, ki aiko tun da wuri."

Suka riƙa aikowa kuwa. Ba ta taɓa gyara labarin ba har ta rasu, Batulu ma haka.