Albasar Irin Mahaifina

Shekarun baya, mahaifina ya kwanta ciwo daidai lokacin cire albasa. Ina koyarwa a Kaura, sai na ɗauki hutu na tafi ƙauyenmu kusa da Moriki, ina jin ai aikin fadama ba zai gagari mai takarda ba.

Akwai wata jar albasa da yake ware wa iri duk shekara. Daga hannun kakana ta fito, kuma a garin babu mai ita sai shi. In ta lalace, shi ke nan ta ƙare.

Ni kuwa gwani, da na ga ƙasa ta yi tauri, sai na ba ta ruwa ana gobe cirewa don ta yi sauƙin tumɓukewa. Na yanke ganyen tun yana ɗanye, na ɗura ta a buhunan taki, na jibge a ɗakin kwano na ja ƙofa. Har ina yaba wa kaina tsafta. Rudun da yake shanya ta a kai, wannan gadon kara da iska ke ratsawa ta ƙasa, ko kallonsa ban yi ba.

Bayan kwanaki, daga kwance ya kira ni. "Malam," haka yake tsokanata, "mi ka yi wa albasata? Hancina bai kwanta ciwo ba."

Na buɗe buhu, na ciro albasar. Wuyanta ya yi laushi yana tsiyayar ruwa, ƙarƙashin ɓawo kuma fumfuna ce baƙa kamar an barbaɗa gawayi. Daga baya wani malamin gona ya ce mini ta ɗanyen wuya take shiga, in ta samu laima da zafi sai ta bi buhu duka. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Bai yi faɗa ba. Ya ce mahaifiyata ta jingina shi da bango, a zube masa albasar a tabarma. Ya kama babban yatsana ya ɗora a wuyan wata.

"Danna. Ka ji ta ba da kai? Wagga ta tahi. Kai ta nesa, kar ka zuba kusa da fadama."

Ya ɗora shi a kan wata. "Wagga hwa?"

"Da ƙarfinta, Baba."

"To, ka fara karatu."

Kwana uku muna wannan aiki, yana gajiya yana hutawa, yana ba ni labarin kakana da ban taɓa ji ba. Abin da muka tsirar bai cika ƙwarya biyu ba. Na shanya a rudu, ina juyawa kullum.

Cikin damina Allah ya yi masa rasuwa. Da ruwa ya ɗauke na dasa waɗanda muka tsirar ni kaɗai, suka yi fure, irin ya tsira.

Har yau ina jin nauyin ɓarnar da na yi masa. Amma na san da albasar nan ba ta ruɓe ba, da tuni na koma Kaura bakin aikina. Tunda na girma ban taɓa zama da shi tabarma ɗaya kwana uku ba sai wannan karon, kuma ban sake samu ba. Allah ya jiƙan Baba.