Ɗan Farin da Na Hana Barci

Tun ina da ciki wani tsoro ya zauna mini a ƙirji: wai zan haihu, in juya in ɗauko ludayi, kafin in waigo yaro ya daina numfashi. Ba wanda ya taɓa ba ni labarin haka. Ni na ƙera abina, na yi ta rainonsa tare da cikin.

Allah ya sauke ni lafiya, namiji, ɗan fari. To, a gidanmu da gidan mijina nan cikin Daura, ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa gaban manya, in ya yi kuka ki ɗauke kai sai an miƙo miki shi. Ni kuwa raina yana kan hancinsa. Sai na koma neman dalili. In ce na manta ashana a ɗaki, in ce kaza ta shiga, mu da ko tsako ba mu da shi. In shiga in kara yatsa a hancinsa, in ban gamsu ba in ɗan mintsini ƙafarsa. Ya tsala ihu, hankalina ya kwanta, na kowa ya tashi.

Yaro ba barci, uwa ba cin abinci, nono ya fara ja da baya. Uwar mijina, da muke kira Inna, ta zo daga Sandamu ta zauna mana. Ta ga jikanta yana ramewa, ta ga ina ɗauke kai, sai ta ɗauka kunyata ce ta wuce ƙa'ida har ban damu da shi ba. Ta ce da ya fara shan koko za ta tafi da shi ta riƙe. Na ce to, don abin da ake cewa ke nan. Na shiga bayi na yi kukana.

Ranar rigakafi mai awon jarirai ta dubi ma'auni, ta dube ni, ta tura ni wani ɗaki wurin wata malama da aikinta sauraron masu damuwa. Na shiga ina naɗe hannun riga, a zatona allura ce. Kujeru ne kawai. Da ta tambaye ni, na ce wata maƙwabciyata ce take mintsinin ɗanta. Ta ce Allah sarki, ta tambayi ko maƙwabciyar tana barci, ko tana cin abinci. Ina ta ba da amsa tiryan-tiryan har bakina ya suɓuce na ce ni fa in ban taɓa shi ba, ƙirjina kamar zai tsage. Ba ta yi dariya ba, ni ce na yi, sai kuma hawaye.

Ta ce wannan yana samun mata da yawa bayan haihuwa, ba hauka ba ne, ba iska ba ce, kuma duban da nake yi shi ke ƙara wa tsoron ƙiba. Muka shirya cewa in ya taso, in gama abin da ke hannuna tukuna, sannan in leƙa daga bakin ƙofa, ido kawai, ban da hannu. Na riƙa komawa wurinta. Wani zuwan in je da alfahari, wani in je ina sunkuyar da kai don na koma ruwa. Sai ta tambayi abin da ya faru kafin nan, mu gyara, in sake gwadawa.

Mafi wuya shi ne da ta ce in gaya wa Inna. Na daɗe ina kewaye-kewaye. Wata rana muna tsinkar zogale na ce, kaina a ƙasa:

"Inna, ba ƙinsa nake ba. Tsoro nake kada ya mutu."

Na gaya mata yadda nake shiga in mintsini ƙafarsa don in ji ko yana da rai. Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce:

"Ashe ke ce mai mintsinin. Ni ina ta shanya katifa a rana ina neman kuɗin cizo."

Ta koma Sandamu ita kaɗai. Yaron yanzu yana gudu a tsakar gida, ya yi kumatu. Tsoron yakan leƙo, musamman in ya yi zazzaɓi, amma na san yadda zan zauna da shi har ya wuce, in ya yi nauyi kuma na san ɗakin da zan je.

Roƙona gare ku, in kuna da mai jego a gida kuka ga tana ramewa tana cewa ba komai, kada ku tambaye ta cikin mutane. Ku ja ta gefe, in ta kasa faɗa muku, ku raka ta wurin waɗanda suka koyi saurare.