Buta a Hannuna Ranar Saukata

Hedimastan makarantar da nake koyarwa a Anka yana da wata magana da yake yi da Turanci, wadda in an mayar da ita Hausa take nufin a saki komai a zo yanzu-yanzu. Alli ya ƙare, sai ya faɗe ta. An ce masu duba makarantu sun taso daga Gusau, sai ya faɗe ta sau uku yana tafa hannu. Ran nan har don akuya ta shiga ofis ya faɗe ta. Ni kuwa in na ji, sai in ƙarasa rubutun da nake yi a allo, in kaɗe hannuna, sannan in taka a hankali. Gani yake taurin kai ne. Bai san gidan da na tashi ba.

Inna, mahaifiyata, ita ce mai wankan gawar mata a garinmu, can ƙasar Bukkuyum, kan hanyar Nasarawa Burkullu. Ba ta taɓa cewa a dakata mata ba. Na ga ta bar muciya a tsaye cikin tukunyar tuwo. Na ga ta bar ƙanwata da rabin kitso, yarinya ta yini tana ɓuya a ɗaki. Muna yara haushin abin muke ji, don mun ci tuwo mai ƙauri har mun gaji. In mun yi gunaguni sai ta ce, "Mai rai shina iya jira. Wanda yat tahi ba ya da wanga hali."

Ni boko na fara yi. Sai da na yi aure a garin, na haifi uku, sannan na shiga Islamiyyar matan aure. Shekara takwas ina fama, ga koyarwa da safe, ga goyo, kafin na sauke Alƙur'ani. Mu goma sha ɗaya muka sauke a shekarar, malam kuma ya zaɓe ni in yi karatu a madadin kowa ranar walima. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Akwai matan da suka daɗe suna cewa 'yar boko ba ta iya fitar da harafi, kuma so nake su ji da kunnensu ta lasifika. Wata biyu ina maimaita ayoyin, ina tuƙin tuwo ina yi, ina wanki ina yi, har mijina ya haddace su ba da niyya ba.

Ranar ta faɗo cikin bazara, zafi kamar a bakin murhu. An kafa rumfa a filin makaranta, mun jeru da fararen hijabai, hannuwa sun sha lalle. Inna tana gaba a kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta, don a lokacin gwiwoyinta sun fara gajiya, hannunta ma yana rawa. Malam na cikin jawabi sai na hango wani Bafulatani a bakin ƙofa, riƙe da sanda, yana tambayar wani abu. Aka nuna masa Inna, ya je ya yi mata magana. Da na ga yadda ta dafa ƙasa ta miƙe, na gane. Na san wannan tashin.

Maƙwabciyarmu da ta saba taimaka mata ta tafi Gummi wajen haihuwar 'yarta. Inna ta ratso layinmu, ta tsaya a kaina.

"Tashi ki riƙa min buta," in ji ta.

"Inna, yanzu fa za a kira ni."

"Na jiya. Matar mutumen ga tun asuba tac cika, ga rana. Ba kowa wurinta sai tsohuwa makauniya. Ni ba ni iya juya ta ni ɗai."

Na dubi matan da ke zaune a bayan Inna. Kowacce ta sami abin kallo a ƙafarta. Ban ga laifinsu sosai ba, mutane suna tsoron gawa, balle ta baƙuwa. Na ce, "Inna, don Allah, ɗan jinkiri kaɗan. In na gama sai mu tafi."

Da ta yi min faɗa, da ya fi min sauƙi. Ta juya ta nufi ƙofa tana jan ƙafa.

Na zauna kamar an dasa ni. Shekara takwas! Sai na ji bakina yana gaya wa wadda ke kusa da ni ta karɓi karatun, matar da a zuciyata nake ganin muryarta ba ta kama ƙafar tawa ba. Na tashi na fita, ido duka a kaina. Ni da Inna muna hawa babur na ji an kira sunana ta lasifika, aka yi shiru, sannan muryar matar ta ɗauko ayoyina. Tana sauri, tana cinye ja, ba ta jan harafi inda ake ja. Kuka na yi a bayan mai babur, kuma ba na tausayin mamaciya ba ne, na baƙin ciki ne tsantsa.

Rugar bukka uku ce. Sauran mutanenta sun yi gaba da shanu neman ruwa, shi mijin ya tsaya saboda jinyar matarsa. Muka shiga. Yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Surukarta makauniya tana zaune a gefe riƙe da ƙafarta, tana korar ƙuda da ɗankwali.

Inna ta yi sallama, kamar mai shiga ɗakin mai barci. Ta sa na ɗumama ruwa, ta zuba garin magarya, ta rufe yarinyar da zane daga ƙirji zuwa gwiwa. Duk abin da za ta yi sai ta faɗa mata. "Sannu ɗiyata, za mu yi miki alwala. Sannu, za mu juya ki." Ni na tallabo kafaɗarta, na kwantar da ita a gefe, ina zuba ruwa inda Inna ta nuna min da ido. Dama tukuna, sannan hagu. Abin da na gani a jikinta ba zan faɗa ba, haka Inna ta koya min tun a wurin. Da aka zo gashi, yatsun Inna suka ƙi, sai ni na raba shi uku na kitse. Tsohuwar ta miƙo hannu ta shafa kitson tun daga sama har ƙasa, ta yi wata doguwar magana da Fulatanci. Godiya kaɗai na tsinta a ciki.

Ban san inda fushina ya tafi ba. Na dai neme shi lokacin da muke ɗaure likkafani, ban same shi ba.

Maza suka iso daga gari suka ɗauke ta. Masu babur sun bi su makabarta, don haka muka kamo hanya a ƙafa. Ba mu yi nisa ba Inna ta zauna a gindin wata tsamiya tana haki. Hijabina ya yi jirwaye, na san kuma a lokacin an watse daga walimar, an naɗe tabarmi.

"To," in ji ta, "karanta min."

"Nan, Inna?"

"Ni dai naz zo in ji. Ban ji ba."

Na zauna a gabanta na yi bisimilla. Na karanta ayoyin duka, ban yi sauri ba, ban ci ja ko ɗaya ba. Ban taɓa karatu mai kyau kamar na ranar ba, kuma har gobe ina alfahari da shi, ko da yake mutum ɗaya ce ta ji. Na kai ƙarshe. Sannan ta kamo hannuwana, ta juya su tana dubawa.

"Karatu ya yi kyau," ta ce. "Amma ni abin da nika dubi yau, yadda kinka tallabe ta. Yanzu hankalina ya kwanta. In tawa ta zo, na san hannun da za ya juya ni."

Bayan shekara huɗu tata ta zo. Na yi mata sallama, na gaya mata za mu juya ta, na fara da dama.