Muradif da Itatuwan da Suka Karkata

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Alhamis, ashirin da ɗaya ga Nuwamba, bayan la'asar, muka sauko da gawar Muradif Hadzalic daga tudun da ke bayan ƙauyenmu na Lisnik. Ya rasu yana da shekara sittin da huɗu. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya.

Muradif, shekara arba'in muka yi muna maƙwabtaka, ni ina aski, kai kana yawon daji da kyamara. Ban taɓa ganin mai haƙurinka ba. Kakan kwana uku a bakin ƙorama kana jiran barewa, ka dawo babu hoto ko ɗaya, ka ce ai ka gan ta, ita ma ta gan ka, ya isa. Lokacin da ƙafa ta hana tsohuwa Zumreta fita, kai ka hau har makiyayar da mijinta ya rasu ya bari, ka ɗauko mata hoton wurin, ka rataye shi daidai inda idonta zai faɗa in ta farka. Gahawa kawai ka yarda ka sha a gidanta.

Kowace shekara, idan ganye ya gama zuba, kafin dusar ƙanƙara ta sauko, kakan tsaya a kan dutse guda ka ɗauki hoton manyan itatuwa bakwai, irin waɗanda muke kira bukva, da ke kan tudun saman ƙauye. Ka ce a ƙarshen kaka daji ba ya iya ɓoye komai, nan ne mai hoto ke sanin ko yana da ido. Ni kake kawo wa hoton in kafa a bangon shagona. Da haka har suka kai ashirin da uku.

Bara, ina cikin yi maka aski, ka riƙe mini hannu. Ka tashi da kumfa a fuska, ka bi bangon daga hoton farko zuwa na ƙarshe, ka sake dawowa.

"Nusret, zo ka duba. Itatuwan nan sun karkata."

Na ce maka wuyanka ne ya karkace saboda tsufa. Masu jiran layi suka yi ta dariya. Amma da na tashi rufe shago na duba da kaina. A hotunan farko itatuwan a miƙe suke. A shida na ƙarshe duk sun sunkuyo wajen gidajenmu, kowace shekara fiye da ta baya. Na gani, na yi shiru, domin ni ma gidana yana ƙarƙashin tudun, ban kuwa da inda za ni.

Kai ba ka yi shiru ba. Ka hau tudun ka tarar ƙasa ta tsage a bayan itatuwan, tsagar da hannu zai shiga. Ka ce tudun ne ke shirin zaftarowa kan ƙauye. Sau uku kana kai hotuna ofishin hukuma a birni, suna yaba kyansu suna cewa za su turo masana. A ƙauye aka laƙaba maka "mai duba". Wasu suka daina gaishe ka, wai kana karya darajar gidajensu. Ka ci gaba da gaishe su.

Bana kaka ta zo da ruwan da bai tsaya ba sai da ya yi kwana goma sha tara. Rijiyar masallaci ta koma ja. Ƙofar Hajrudin mai burodi ta daina rufuwa, ya yi ta zagin kafinta. Tumaki suka ƙi bin hanyar tudu. Safiyar Alhamis ka leƙo shagona, ka ce iska ta juya, ƙanƙara na tafe, in ta rufe tsagar babu mai sake ganinta sai bazara, don haka za ka hau ka ɗauko hotonta. Na ce ka bari in rufe shago mu tafi tare.

Ka ce, "Zauna, maƙwabci. Ga ƙeya biyu suna jiran askinka."

Da azahar ta wuce ba ka dawo ba, muka hau ni da ɗanka Elvir. Muka same ka zaune ka jingina da itace, kyamara a cinyarka, idonka a buɗe. Taku kaɗan a bayanka tsagar take. Elvir ya jefa dutse ciki, muka tsaya muna saurare, ba mu ji faɗuwarsa ba.

Muna cikin binne ka ranar Juma'a ƙanƙara ta fara sauka. Yanzu tudun ya yi fari fat, babu alamar komai. Elvir ya kai hotonka na ƙarshe birni, an ce masa a jira yanayi ya gyaru. Gida uku sun kwashe yaransu sun kai wurin dangi. Mu sauran muna nan, kuma babu mai dariya a shagona.

Ka yafe mini shirun da na yi, Muradif. Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya karɓi haƙurinka da gargaɗinka a mizanin alheri. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Sevdija, da Elvir, da 'yarka Merjema da ke can birnin Graz a ƙasar waje. Allah ya ba su juriya. Ya Allah, gida talatin da ɗaya ne ke kwana a gindin tudun nan. Ka riƙe mana shi har ƙanƙara ta narke.

Nusret Begic, mai aski, Lisnik