Inuwar da Ta Faɗi Wajen Alƙibla

Shekarun baya, lokacin da hannuna ya fara faɗawa a haɗa hoton titi da kwamfuta, kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Ga wanda bai san aikin ba, ba da kyamara ake ɗauka ba. Gina komai ake yi a cikin manhaja, gida bayan gida, har falwaya da kwalbati, sannan ka zaɓi inda rana za ta tsaya, ka bar kwamfuta ta yi ta nishi har ta fitar da hoton. In ya yi kyau, mai kallo sai ya rantse ɗauka aka yi.

Wata biyu na yi ina gina wani layi na Doka. Na sa ƙaramin masallaci mai koren fenti, da jerin shaguna har da na tela, da mai koko da ƙosai a gindin dalbejiya, da ma'aikata uku riƙe da fayil suna jiran napep. Har tsatsar kwanon rufi sai da na bi ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, na ɗora shi a wani zaure na intanet inda masu zane da masu ɗaukar hoto na Kaduna suke haɗuwa, na rubuta a ƙasa: "Hantsi a Doka."

Yabo ya yi ta zuba. Wani ma cewa ya yi ya san mai ƙosan nan, kullum a wajenta yake saye, alhali ni na ƙirƙiro ta daga ɗankwali har silifa. Ranar ko abinci ban ci da kyau ba, ina ta leƙa waya.

Washegari da safe sai ga sharhin wani dattijo. Ban san shi ba, hotonsa kawai na gani, farin gemu da tabarau. Ya rubuta: "'Yata, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Sai dai in hantsi ne, inuwa yamma take faɗuwa. A nan kuwa inuwar komai ta faɗi wajen da liman yake tsayawa. Ko dai la'asar ce, ko kuma masallacin ya ba alƙibla baya. A duba."

Yanzu da nake karanta shi a zuciyata, ban ga abin haushi ko ɗaya ba. Amma a lokacin ji na yi kamar an watsa mini ruwa a gaban jama'a. Ban ko buɗe aikin na duba ba, na rubuta masa: "Baba, nan zauren masu zane ne, ba kwamitin masallaci ba. In akwai wanda ka yi, ɗora mana mu gani."

Nan da nan aka cika ƙasan maganata da alamar dariya. Wani ya ce tsoho ya yi ɓatan kai, wani ya ce a nuna masa hanyar zauren 'yan fansho. Dattijon layi ɗaya ya ƙara: "Allah ya ba ki haƙuri, 'yata." Zuwa azahar an nemi sunansa a zauren an rasa, ya fice.

Ni da ƙafata na kai wa mahaifiyata wayar, wai ta ga yadda na yi maganin mai hassada. Ta sa tabarau ta karanta a hankali, ta koma ta sake karantawa, sannan ta buɗe hoton dattijon ta daɗe tana kallo.

"Kin san wane ne wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Tare suka yi aikin safiyo da mahaifinki, Allah ya jiƙansa. Ranar da zan haife ki mahaifinki yana daji wajen awo, wannan mutumin ne ya kai ni asibiti a motarsa." Ta cire tabaran ta ajiye. "Amma bar wannan ma. Ko ban taɓa ganinsa ba, abin da ya faɗa gaskiya ne ko ƙarya?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai shi zane akwai 'yancin mai yi. Washegari wajen ƙarfe tara ta kira ni tsakar gidanmu a Unguwar Rimi, ta tsayar da ni a rana.

"Fuskanci inda kike kallo in za ki yi salla."

Na fuskanta.

"To, ina inuwarki?"

Tana bayana. Ina da digiri, ina da kwamfutar da nake taƙama da ita, ga ni tsaye a tsakar gida ana koya mini gabas da yamma. Da na koma na buɗe aikin, sai na tuna abin da na yi: na ja ranar ne na kai ta inda hasken ya fi haska fuskar shagunan, ban ko tuna da masallacin ba.

Ranar Asabar muka hau mota zuwa Rigachikun, inda ya koma noma bayan ya yi ritaya. Tun daga Kawo nake haɗa kalmomin ban haƙuri a raina, ina rushewa. Mun same shi a zaure, an baza masara a tabarma yana tsince ruɓaɓɓu. Suka gaisa da mahaifiyata, aka yi wa mahaifina addu'a. Ni kuwa na durƙusa a gefe, duk abin da na shirya ya gudu.

"Baba, ni ce mai hoton nan. Na yi rashin kunya, ka yafe mini."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi. "Ashe ke ce! Da na sani ai da waya zan kira Hajiya, ba sai na yi magana a cikin mutane ba. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na ce ya dawo zauren, zan ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya girgiza kai. Ya ce shi ba fushi ya yi ba, gani ya yi ya shiga cikin yara yana hana su wasa. Ya ce shekara da shekaru in za a gina masallaci a unguwa shi ake kira ya fitar da alƙibla, shi ya sa idonsa ba ya iya wucewa. "Kin zo da injin naki? Nuna mini yadda ake yi."

Na buɗe kwamfutar a kan tabarma. Na nuna masa ɗan da'irar da ke matsayin rana, na ja ta, inuwoyin layin gaba ɗaya suka juya. Ya yi salati, ya matso.

"Wato ke kike ɗora rana inda kika ga dama?"

Na ce e, Baba.

"To, ki riƙa ɗora ta inda Allah ya ajiye ta."

Muka mayar da ita gabas. Fuskar shagunan ta shiga inuwa, hoton ya rage ƙyalli. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Yauwa, yanzu ne na ga Doka." Kafin mu tashi sai da ya nuna mini cewa kwalbatina ma ruwansa tudu zai hau, da falwayar da na dasa a tsakiyar ƙofar tela. Muka dawo da buhun masara rabi a bayan mota.

Na ɗora gyararren hoton, na rubuta cewa dattijon nan shi ke da gaskiya, ni ce na yi kuskure kuma na yi rashin ladabi. Mutane kaɗan ne suka tanka. Waɗanda suka fi kowa dariya, ko ɗaya ban gani ba. Shi kuma bai dawo zauren ba, sai dai daga nan duk aikin da na gama shi nake fara tura wa a waya, ya kira ni mu yi ta musu a kan tsayin katanga.

Kuskuren inuwa bai dame ni ba, a minti biyar aka gyara shi. Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne daɗin da na ji lokacin da ake yi masa dariya, har ina komawa in ga ko an ƙaru. Shi ya sa yanzu in na tarar an taru a kan mutum ɗaya a ƙarƙashin wani hoto, nakan koma sama in karanta abin da ya faɗa tun farko. Sau da yawa sai in ga a duk taron, shi kaɗai ne ya tsaya ya kalli hoton.