Kunnen da bai yi duhu ba

Yaron ya shiga firamare yanzu, amma har yau ina tuna ranar da 'yan barka suka taru a kan kunnensa. Ban ga ranar da zan manta da ita ba.

Haihuwar fari ce, ina wankan jego a gidanmu da ke Ƙofar Kuyambana. Mijina ɗan wan babana ne, kakarmu ɗaya. Jariri dama da haske yake zuwa, shi ya sa mata ke duba gefen kunnensa, don duhun wurin shi ne launin da zai koma. Kunnen ɗana bai yi duhu ba, gashinsa kuma fari kamar auduga. Zabiya ne.

Ana gobe suna ƙanwar surukata ta zo barka. Ta juya kunnen dama, ta juya na hagu, sannan ta dubi mahaifiyata.

"Ikon Allah! Uwa baƙa, uba baƙi. Hajiya, wannan daga ina? Ni dai da za a ji ta tawa, kada a yi gaggawar yanka rago."

Kowa a ɗakin ya gane abin da take nufi. Na san amsar kuwa. A sakandare malamar bayoloji ta koya mana cewa akwai ƙwayar gado da ke ɓuya a jikin mutum bai sani ba, ba ta bayyana sai yaro ya same ta daga uwa da uba duka. Amma ɗan fari ne. A gaban manya ko kallonsa ba a so ki yi, balle ki buɗe baki ki kare shi. Na sunkuyar da kai, aurena da sunan ɗana suna hannun wasu.

Kakarmu tana gefe da carbinta. Ta ce, "Ku miƙo min shi." Idonta ya yi rauni, sai da ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ta daɗe tana kallo.

"Yaya ne," ta ce.

"Wane yaya, Inna?" in ji mahaifiyata.

"Wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka yake sak. Rana ta lalata masa fata, ya rasu tun ba a haife ku ba, gida kuma ya daina ambatonsa." Ta juya ga baƙuwar. "Ke 'yar nan, abin da kike nema a waje daga cikina ya fito, ta wajen 'ya'yana biyu."

Washegari aka yanka rago, aka raɗa masa sunan wan Kaka. Yau ba ya fita sai da malafa da riga mai dogon hannu.

Abin da har yanzu ke tsorata ni shi ne, da Kaka ta riga mu gidan gaskiya, da ba mai faɗa. Tun daga ranar na koyi cewa abin da dangi suka daina ambata jini bai manta da shi ba, kuma kunyar da za ta hana ni tsaya wa ɗana, na ajiye ta.