Tsafin da Ba Ya Tsallake Bango

Ɗana na fari da abokansa na jami'a suna da wani wasa da suke yi a kan tebur, da ƴan ƙwayoyi masu lamba da littafi mai kauri, kowa ya zama jarumi ko matsafi. Ran nan na ji gardama ta kaure. Wai matsafin ɗana yana so ya kwance abokinsa da aka ɗaure a bayan bango, littafin kuma ya ce tsafi ba ya kama wanda ido bai gani ba. Yaron har da buga tebur. Na san wannan haushin, na riga shi sha.

Shekarar babban fari ce, zamanin mulkin soja, ina ƴar shekara tara, muna zaune a unguwar Yantala. Babanmu yana tuƙa kamiyo, babbar motar da ke kai hatsin agaji ƙauyuka. Wata rana aka ce buhu ya ɓata a hanya, aka tafi da shi, ba wanda ya gaya mana inda aka kai shi. Uwarsa, Kaka Hajo, ita ta riƙe mu. Bayan magariba takan tara mu gaban murhu ta ja mana tatsuniya, don mu manta cewa tuwon jar dawar nan ba zai ishe mu ba.

Tatsuniya ɗaya ta liƙe wa. Wata tsohuwa ce mai tsafin kwance kowace irin igiya, aljanu suka sace ɗanta suka ɗaure shi a bayan dutse. Sai dai tsafin yana da sharaɗi uku: muryarta ta kai kunnen mutum, ta kira sunansa haɗe da na uwarsa, idonta kuma ya gan shi. Tsohuwa ta kama hanya, kullum tana tafe, Kaka ba ta taɓa kai ta ba. Da an matsa mata sai ta ce wuta ta mutu.

Abin yana ci mini rai. Na ce ina amfanin tsafin da sai an bi shi da ƙafa, ta karanta daga ɗakinta mana.

"Ke ƴar nan, in ba ki ga mutum ba, wa za ki kwance?" in ji ta. "Sai ki saki jakin wani."

Ƙannena suka yi dariya, ni kuwa na yi kuka don haushi. Ba ɗan tsohuwa nake nufi ba, ita ma ta sani.

Ashe kullum da safe Kaka tana bin masu tuƙi a kasuwar Lazaret da tambaya, har wani ya raɗa mata gidan kason da babanmu yake. Ta tafi da ni in riƙe mata ruwa. Aka hana mu shiga. Babanmu ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, saboda kunya sai dai ta ce "mai kamiyo". Ranar ta tsaya jikin bango, gaban mai gadi da masu wucewa, ta ɗaga murya: "Isufu ɗan Hajo!" A kira na uku muka ji daga ciki, "Na'am, Inna." Mai gadi ya kore mu.

A hanya na ce mata sharaɗi biyu sun cika. Ta ce saura ido.

An sake shi bayan damina ta faɗi, kwana ashirin da binne Kaka.

Mutane sun sha ce mini darasin haƙuri ne. Ni ban koyi haƙuri ba, har yau ina jin haushin sharaɗin nan na uku. Abin da na gane kawai shi ne, ba rowa ta sa Kaka ta ƙi ƙarasa tatsuniyar ba, ita ma ba ta san ƙarshenta ba.

Da ɗana ya zo yana ce mini dokar littafin ba adalci a cikinta, na ce wallahi babu. Sunan babanmu aka sa masa. Ban taɓa kiransa da shi ba, ina kuma roƙon Allah kada ya nuna mini ranar da zan kira.